Ranar da Arieta Ta Juya Akushi

Arieta Naivalu ba ta iya zama ba. Duk wanda ya san ta a Suva, babban birnin ƙasarmu ta tsibirai, abin da zai fara faɗa maka ke nan. A tsaye take cin abinci. A coci ma, limami bai kai tsakiyar wa'azi ba za ka ga ta miƙe tana gyara tagar da babu abin da ya same ta. Mijinta ya taɓa ce mini tun da ya aure ta bayanta ya fi sani, don kullum tana gaba yana biye.

Ni sunana Semesa. Ɗinkin littattafai na yi har na tsufa, kuma a ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare ni ne mai dama yangona, abin shan da muke haɗawa da garin wata saiwa a wurin taro. Aikin mai zama ne, shi ya sa na ga abubuwa da yawa.

Mahaifin Arieta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Ta ce da jaridar da ake naɗe kifi ta koyi son karatu, kuma har yau in ta ji ƙarnin kifi sai ta ji kamar ta karanta wani abu. Aikinta na farko a wata makaranta ne can bayan garin Labasa, ita kaɗai a ɗakin littattafai, ba wanda ya san me take yi. Shugaban makarantar ya ga ɗakin da fili, sai ya zuba buhunan siminti a gefe guda, kayan 'yan ƙwallo a ɗaya gefen. Ba ta da wanda za ta kai wa kuka. A shekara ta biyu guguwa ta ɗauke rufin, ruwa ya kwana a kan littattafan. Tana cikin tsince su sai ga wasu mutane sun sauko daga bas, riƙe da tsofaffin tawul da mafitai. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. 'Yan ƙungiya ne, wani ya gaya wa wani. Suka baje tabarmi a rana, suna buɗe shafi suna fifita, har abin da zai tsira ya tsira. Kafin su tafi wata tsohuwa a cikinsu ta shiga ofishin shugaban ta rufe ƙofa. Ba a ji abin da ta ce ba, amma washegari siminti ya bar ɗakin.

Tun daga ranar ƙungiya ta shiga jinin Arieta. Da aka dawo da ita Suva ta zama sakatariya, ba ta kuma sauka ba, don ba wanda ya nemi kujerar.

Taronmu ranar Asabar ne da rana, a barandar wani laburaren makaranta. Tsarin zaman kowa ya san shi. Akushin yangona yana tsakiya, babba ne, na baƙin katako, kawun shugabanmu Ilaitia ne ya sassaƙa shi a ƙauyensu na Bua, Ilaitia kuma ya kawo shi ranar da aka kafa ƙungiya. A gaban akushin akwai igiya ta zaren kwakwa, da farar katantanwar teku a bakinta. Wanda igiyar ta nuna shi ne babba a wurin, shi ke fara sha, shi ke fara magana. Manya suna zama ta wajensa. Ni ina bayan akushi. Yara da baƙin da ba su kai ba suna bayana, kuma wanda ke bayan akushi kunne ya zo da shi, ba baki ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Waɗanda suka zo da tawul suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wasu suka bi 'ya'yansu ƙasashen waje. Tabarmar da a da ba ta isarmu sai ga shi muna naɗe rabinta.

Duk farkon zangon karatu Arieta takan je jami'a, ajin masu koyon aikin laburare. Malamarsu takan ba ta ɗan lokaci. Sai ta shiga da kwandon gurasar roti da burodi, tana zagaya ajin tana magana, ba ta tsaya wuri ɗaya. Ta gaya musu labarin siminti. Ta ce musu aikin nan aikin kaɗaici ne, za a jefa kowannenku wata makaranta ko wani tsibiri, kai kaɗai, ranar da aka mai da ɗakinka sito wa za ka kira? Daga nan ta tambaye su, za ku zo? Duk ajin ya ɗaga gira. A wurinmu ɗaga gira amincewa ce, kuma yaro ba ya ce wa babba a'a.

Suna zuwa kuwa. Asabar ta farko sai ka ga bayana ya cika da ɗalibai cikin zannuwansu masu kyau. Su zauna shiru, su tafa in an tafa, su ci abinci, su wanke kofuna, su yi godiya. Asabar ta biyu ba ko ɗaya.

Arieta ta ce abincin ne bai isa ba. Ta ƙara rogo da kifi a ruwan kwakwa. Suka ci, ba su dawo ba. Ta ce ai yaran yanzu a waya suke, ta sa jikarta ta buɗe wa ƙungiya shafi, tana aika musu saƙo tun kafin su karya kumallo. Suka riƙa amsa mata da hoton hannu mai ɗaga babban yatsa. Ta ce mini, “Semesa, wannan ma ai gira ce, ta waya.”

Sai ga shekarar ritayarta. Mijinta ya gama gini a ƙauyensu da ke tsibirin Kadavu, ya ce bayan Kirsimeti za su hau jirgin ruwa, wannan karon kuma shi ne a gaba. A taron da ya biyo baya Ilaitia ya yi magana a hankali, kamar yadda ya saba. Ya ce mu duba junanmu. Ya ce in babban taron ƙarshen shekara ya zo ba a sami matashin da zai riƙe aikin Arieta ba, gara mu rufe da mutuncinmu, shi kuma ya mai da akushin kawunsa gida. Urmila Narayan, wadda ta fi kowa daɗewa a cikinmu bayan shi, ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya yi musu.

Daga ranar Arieta ta ƙara lalacewa da zirga-zirga. Ta zo gidana da rana tsaka, na ba ta kujera, ta riƙe bayanta ta ƙi zama.

Ta ce, “Kai da kake kallon kowa, gaya mini. Me nake yi ba daidai ba?”

Na ce, “Ni ai ba na kallonsu. Bayana suke.”

“To me kake ji?”

“Tafi nake ji. Sai ƙarar cokali.”

“Ban da wannan?”

Na ce, “Shekarun nan duka, da za a ce in nuna muryar ɗalibi ɗaya a kasuwa, ba zan iya ba.”

Ta dube ni, ta ce ita ba ta zo jin waƙa ba, ta fice. Ta manta lemarta, ta dawo ta ɗauka, ta sake ficewa.

Abin da ya faru bayan nan daga bakinta na ji. Ta koma jami'a neman malamar ajin, ba ta same ta ba, sai ta tsaya sayen shayi a rumfar abincin ɗalibai. A bayan wani allo ta ji ana ta dariya. Wata yarinya ce ke kwaikwayon taronmu. Ta yi muryar Ilaitia, a hankali kamar mai ƙirga haƙoransa. Ta yi tarin Urmila. Ta ce, “Muka zauna har ƙafata ta mutu, su kuma suna ta lissafin waɗanda suka mutu. Na ce to, ga ƙafata ma, ku sa ta a ciki.” Aka fashe da dariya. Sai ta ce, “Ita kuma Goggo Arieta, baiwar Allah, tana ta shawagi kamar kazar da ta rasa inda za ta yi ƙwai. Wallahi ina da tambaya a bakina tun daga gida, amma wa zai yi magana daga bayan akushi? Haka na haɗiye ta da rogo.”

Arieta ta ce shayin ya ƙone mata harshe ba ta ji ba. Ta zagaya allon. Dariya ta ɗauke. Yarinyar doguwa ce, da fure a bayan kunne, ta miƙe.

“Yaya sunanki?”

“Miliakere, Goggo. Ki yi haƙuri, wasa nake.”

“Wace tambaya ce kika haɗiye?”

Yarinyar ta dubi ƙasa, ta ce babu komai. Arieta ta yi ta juya ta, ba ta samu ba. Har ta juya za ta tafi sai ta tambaye ta, kamar yadda muke tambayar kowa, 'yar ina ce. Ta ce 'yar tsibirin Gau.

Mutanen Gau da mutanen Bua abokan wasa ne tun kakanni. Tau suke kiran juna. Ɗan Gau zai iya tsayawa gaban dattijon Bua ya gaya masa abin da ɗan cikinsa ba zai iya ba, ya ɗauke masa kaza ko riga ya tafi, dattijon sai dai ya rama da baki. Fushi a nan abin kunya ne.

Arieta ta ce mata, “Babban taro za ki zo, ki zo da waɗannan masu dariyar.” Miliakere ta ɗaga gira.

Ba ta gaya mini abin da take shiryawa ba. Ta dai zo sau biyu a makon, tana tambayata nauyin akushin in an cika shi. Na ce yana da nauyi.

Ranar taron an yi zafi, hadari ya taru ya ƙi zuba. Ɗalibai suka zo da ɗan yawa, suka zauna a bayana. Ilaitia ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, kuma na lura ya zo da babban buhu a naɗe, ya ajiye a gefensa. Kowa ya gane na mene ne. Na jiƙa garin, na tace, na miƙa igiya ta nuna shi kamar kullum. Arieta na gefe, tana zaune a kan gwiwoyinta, tana murza bakin zanenta.

Na ɗaga ƙoƙo zan ɗiba ke nan sai ta taso. Ba ta miƙe ba, da rarrafe ta zo, tana neman gafara a hankali. Ta kama bakin akushin da hannu biyu, ta fara juya shi.

Akushi ne mai nauyi, cike yake kuma har baki. Mace ɗaya ba ta juya shi ruwa bai zube ba. Ruwa dai bai zube ba.

Da ya gama juyawa sai ta ja igiyar ta miƙe ta a kan tabarma, farar katantanwa ta tsaya daf da gwiwar Miliakere. Ni ma dole na zagayo na koma ɗaya gefen. A karo na farko na ga fuskokinsu, manya kuma suka koma bayana.

Ba wanda ya yi motsi. Ana jin bas yana hawan tudu can nesa. Yarinyar ta janye gwiwarta kamar igiyar maciji ce. Arieta ta koma wurinta, kuma ban taɓa ganinta ta zauna cak haka ba. In yarinyar nan ta ƙi karɓar ƙoƙon, Arieta ta ci mutuncin shugaba a banza, da wannan kuma za a riƙa tuna ta.

Muryar Ilaitia ta fito daga bayana, ba ƙarfi, amma na san shi. “Arieta, a gidanku haka ake yi?”

Ta ce, “A'a, Baba.”

“To 'yar wace ce wannan da za ta sha kafin ni?”

Arieta ta dubi yarinyar. Yarinyar ta ce da ƙaramar murya, “Daga Gau nake.”

Sai na ji Ilaitia ya saki numfashi ta hanci.

Ya ce, “Gau. Ai shi ke nan. Ku duba aljihunanku. Mutanen da ko inuwar mutum suka gani sai sun gwada ko za ta shiga kwandonsu, yau har wurin zamana.”

Wani daga cikin ɗaliban ya yi dariya ya toshe baki. Miliakere ta ɗago kai. Na ga abin yana dawo mata a ido.

Ta ce, “Haba Tau, ai taimakonka aka yi. Ka daɗe a kan wurin nan, muka ce bari a ɗaga ka a gani ko ka ƙyanƙyashe.”

Urmila ce ta fara fashewa, dariyar ta koma tari. Daga nan kowa ya saki. Ilaitia ya ce, “Ku ji mini 'yar masu cin ɗanyen kifi! Ba ta sha, Semesa, ko bakinta zai mutu mu huta.”

Aka kai mata ƙoƙo. Ta tafa, ta karɓa, ta shanye, ta yamutsa fuska. Muka tafa mata. Wanda ya fara sha kuma shi ke fara magana.

Da farko ta yi ta kame-kame. Daga baya tambayar ta fito. Ta ce makarantar ƙauyensu an aiko mata littattafai a kwalaye tun tana aji uku, har yau suna cikin kwalayen a ƙarƙashin gadon malami, kyankyasai na karatu. In ta gama can za ta koma. A aji an koya musu tsara littafi a kwamfuta, can kuwa wuta sai an kunna inji. Ta ina mutum zai fara?

Urmila ta share hawayen dariya ta ce, “Da katin kwali da fensir, 'yata. Haka na fara a garin Ba. Ki zo gidana Litinin in nuna miki, ki zo da yunwa.”

Sai wani saurayi ya ce shi wurin gwajin aiki yake nema, duk inda ya je a ce ya dawo. Wani tsoho a bayana ya ce wa ya ce ka dawo, faɗi sunansa, ni na koya masa aiki. Wata ta ce Asabar da rana su suna wanki ko suna aikin kanti. Wata ta ce rabin ajinsu ma a tsibirai suke, ta waya suke karatu, ba su san da mu ba. Magana ta yi ta tashi ta ko'ina, ba tsari, har na kasa sanin wa zan ba ƙoƙo. Ilaitia ya harɗe hannu yana saurare, bai kuma dubi wajen Arieta ba ko sau ɗaya.

Can Arieta ta kasa haƙuri. Ta ce, “Miliakere, za ki karɓi aikina?”

Na zuba wa girar yarinyar ido. Ba ta motsa ba.

Ta ce, “A'a, Goggo. Ina da jarrabawa, ban san kowa ba, kuma ni ba zan iya yawon da kike yi ba. Ƙafa biyu gare ni.”

Fuskar Arieta ta yi wani iri. Daga baya ta ce mini a duk shekarun da ta yi tana shiga ajin nan, wannan ce amsa ta farko da ta tabbata ta gaskiya ce, amma a lokacin ji ta yi kamar an zare mata ƙashin baya.

Ilaitia ya gyara murya. Ya ce to, an ji. Ya ce ranar ta yi daɗi, an yi dariya, amma magana tana nan inda ya ajiye ta. Ba magaji. Ya jawo buhunsa ya warware, ya ce in an shanye in wanke masa akushin.

Muka shanye. Na wanke, na goge, na naɗe igiyar. Hadarin ya fara yayyafi. Na ɗauko shi zan miƙa masa sai Miliakere ta sha gabana.

Ta ce, “Tau, wannan naka ne?”

Ya ce, “Na kawuna ne. Nawa ne.”

“Naka na kanka? Ba na ƙungiya ba?”

“Kurma ce ke? Na ce nawa ne.”

Ta ce, “To madalla. Ya yi mini kyau.” Ta karɓe shi daga hannuna ta ɗora a ka.

Ilaitia ya miƙe tsaye da buhu a hannu. Duk tsofaffin da ke wurin sun san ba abin da zai iya cewa, shi ma ya sani.

Ya ce, “Ɓarauniya. Ina za ki kai shi? Ko gidan kirki ba ku da shi.”

“Ɗakin kwanan ɗalibai. Akwai baranda, ta fi wannan iska. Mai son ganinsa ya zo Laraba da yamma, bayan an tashi daga aji. Ka zo da buhunka, Tau, ka zauna a kai, tabarmarmu ta yage.”

Ta fita cikin yayyafi, abokanta na biye suna riƙe mata gefe, ruwa na taruwa a cikin akushin.

Kafin Laraba, Arieta ta ɗauki damin saiwar yangona ta je gidan Ilaitia neman gafara, ni na raka ta. Ya bar mu muka daɗe a zaune kafin ya sa hannu a kan damin. Ya karɓa, amma bai yi mata wasa ba, har ta bar Suva kuma bai ƙara kiranta da 'yata ba. Ta san abin da ta biya.

Laraba muka je. Hawan benen ya wahalar da Urmila. Ilaitia ya zo a makare, ya ce shi ba taro ya zo ba, kayansa ya zo dubawa ko an fasa. Har yau duk Laraba yana zuwa dubawa. Aikin sakatariya ɗalibai uku suka raba a tsakaninsu, suna yi suna faɗa, wani lokaci su manta su sanar da mu an ɗage taro, mu hau bene a banza. Igiyar kuwa ba ta da wuri ɗaya yanzu. Ni nake miƙa ta, kuma ba kullum nake duba shekaru ba.

Arieta ta hau jirgi bayan Kirsimeti. Mijinta ya shiga gaba da kaya, ita tana kan matakala tana juyowa tana gaya wa Miliakere inda ake samun garin yangona mai kyau, har ma'aikacin jirgi ya ce Inna, ko ki hau ko ki sauka. A ƙauyen nasu waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu bayan coci. Mijin ya ce mini duk Laraba da yamma can take hawa, ta kira, ta ce a ajiye wayar kusa da akushi. Muna jin iska, muna jin takunta tana kai da kawowa a kan tsakuwa.